Darɓar Saiwa da Ƙudajen Tukunya: Wane Magani Ya Cancanci Kuɗinku?

Duk mai shuka a cikin gida a Kano, a buhu ne ko bokiti ko tukunyar roba, na'ana'a ce ko attaruhu ko fulawar ado a baranda, ya san abin da ke faruwa idan damina ta nutsa a Agusta. Ana zuba ruwa sai wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje baƙaƙe su tashi daga ƙasa, ganye ya soma rawaya, shuka ta yi yaushi alhali ƙasarta a jiƙe take. Kafin ku kwashi kuɗi ku nufi Sabon Gari, ku fara sanin wane ƙwaro ne ya shigo muku, domin iri biyu ne, kuma ba kowane magani ne yake cin su duka ba.

Na farko shi ne ƙudan tukunya. Tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, kuma shi kansa ba ya cin shuka, tsutsarsa ce matsalar. Fara ce garau mai baƙin kai, tana zaune a saman ƙasa mai danshi tana cin ruɓaɓɓen taki da ƙananan gashin saiwa. Daga ƙwai zuwa ƙuda mako 3 zuwa 4 ne. Ku yanka ɗanyen dankalin turawa ku kifa a kan ƙasar kwana biyu. Idan kun ɗaga kuka ga tsutsotsi a manne, su ne. Na biyu shi ne darɓa, dangin wadda manoma suka sani a ganyen wake da gyaɗa, sai dai wannan a saiwa take zama tana tsotse ruwan shuka. Ita sai an zare shukar da ƙasarta daga tukunya ake ganinta: 'yan ƙwari ƙulu-ƙulu a jikin saiwa, wani lokaci da farin gari a kewaye da su. In kuka ga kiyashi na shiga da fita ta hudar gindin tukunya, ku yi zargin darɓa, domin zaƙin da take fitarwa suke bi.

Fiya-fiya da duk wani abu mai sinadarin DDVP, ku cire shi daga lissafi. Tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni, kuma ba abin zubawa a ganyen da za a sa a shayi ba ne. Magunguna masu ɗauke da sinadarin imidacloprid suna kashe darɓa sosai, amma maganin yana shiga jikin shuka ya daɗe, don haka iyakarsa fulawar ado. Ruwan wanke ciwo mai kumfa na kemis (hydrogen peroxide), kashi 1 a cikin ruwa kashi 4, yana rage tsutsa ranar da aka zuba, washegari ya zama ruwa. Rawayen kati mai danƙo kuwa manya kawai yake kamawa. Ku sayi guda biyu don ku ga ko ƙwarin suna raguwa, ba don magani ba.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Bti, wata ƙwayar bakteriya da aka gano a 1976 wadda ke kashe tsutsar sauro da ta irin waɗannan ƙudaje ba tare da ta taɓa mutum ko shuka ba. A kan ƙudan tukunya babu kamarsa. Amma ba ya yi wa darɓa komai, samunsa a Kano sai an yi oda, kuma zafin shago yana rage masa ƙarfi.

Ni dai abin da nake ba kowa shawara a kai shi ne ƙwallon darbejiya. Bishiyar da muke zama a inuwarta a kowace unguwa, wadda asalinta daga Indiya take, aka shigo da ita ƙasar nan ta Borno a 1928, tana ɗauke da sinadarin azadiraktin, kuma a cikin ƙwallon ya fi yawa, ba a ganye ba. Aikinsa ba kisan nan take ba ne. Yana toshe wa ƙwaro cin abinci, ya hana tsutsa saɓa, sai ta mutu ba ta kai ga zama ƙuda ba. Saiwa kuma tana ɗan zuƙarsa, abin da ya sa yake isa ga darɓar da ke tsotso. A cikin duk abin da na lissafa, shi kaɗai ne yake taɓa ƙwarin biyu kuma hankali ya kwanta a tsinki ganye a wanke a yi miya.

Haɗinsa ba wuya. A tsinto 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a wanke naman, a shanya a inuwa har su bushe ƙayau. A fasa ɓawon a dake ƙwayar a turmin da ba na abinci ba, domin ɗacin ba ya fita da sauƙi. Giram 50 a ruwa lita 1, a jiƙa ya kwana, da safe a tace da tsumma. Ruwan zai fito fari-fari mai kauri kaɗan, da wani wari mai kama da tafarnuwa. A shayar da ƙasar tukunya da yamma har ya ɗigo ta ƙasa, a maimaita duk mako har wata guda don a cim ma waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Kada a ajiye ragowa, rana da daɗewa a ruwa suna kashe sinadarin. Tukar da ta rage a tsumma a barbaza ta a saman ƙasa, taki ce. Masu gaggawa su kan ce bai yi ba saboda sun ga ƙuda na tashi bayan kwana uku. Waɗannan tsofaffi ne, kwanansu bai fi mako ba, 'ya'yansu ake yaƙa.

Inda ake cutar mutane shi ne man darbejiya na kwalba. Na taɓa sayen wata kwalba marar suna a hannun wani mai tebur, yana ta rantsuwa: "Hajiya, wallahi tatacce ne, daga ƙauye ake kawo min." Na haɗa yadda ya kamata, mililita 5 a lita 1 da ɗan sabulu, na zuba wa na'ana'ata. Kafin kwana biyu duk ta ƙone, ƙasar kuma tana tashin warin kananzir. Don haka ku buɗe kwalba a gaban mai kaya ku shinshina; in ya hana, ku yi gaba. Man gaskiya ruwan ƙasa ne mai duhu, da kauri, warinsa mai ƙarfi ne, ba daɗi. Wanda ya yi fari tas ba wari, ko dai an tsinka shi da man gyaɗa, ko kuma irin wanda aka tace ne har aka cire masa azadiraktin, ya dace da shafawa a jiki amma ba zai yi wa darɓar saiwa aikin da ake so ba. Wanda yake ƙamshin turare an rufe wani abu ne. Kwalbar da ta sha rana a kan tebur ma, ko asalinta mai kyau ce, ta riga ta mutu. Garin da ake ƙullawa a leda a ce na ƙwallo ne, ku murza a yatsa: na gaske yana barin maiƙo, wanda aka cika da dakakken ganye kore ne busasshe. Ƙwallon da ya yi fumfuna kuwa ko kyauta ne kada ku karɓa. Duk maganin kamfani, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ku guji wanda aka ɗura a robar ruwa aka ce "ai ɗaya ne, an raba ne don sauƙi". Man darbejiya guba ne ga ƙananan yara idan suka sha, ku ɗaga shi sama.

Ko wanne kuka saya, idan ƙasa kullum a jiƙe take, kuɗin banza ne. Ku bar samanta ya bushe kamar tsawon gaɓar yatsa biyu kafin ku sake ban ruwa, ku shimfiɗa wankakken yashi a kai, ku daina zuba takin da bai gama ruɓewa ba. Sabuwar ƙasa a ɗan jiƙa ta, a ɗaure a leda a bar ta a cikin zafin ranar Maris ko Afrilu makonni kaɗan kafin a yi shuka da ita. Shukar da aka sayo a wajen masu fulawa na bakin titi kuma ta zauna nesa da sauran mako biyu. Idan darɓa ta riga ta lulluɓe saiwa, darbejiyar ma ba za ta ceto ta ba: ku yanki reshe mai lafiya ku dasa a sabuwar ƙasa, tsohuwar ku ƙulle a leda ku zubar nesa da gida, tukunyar kuma ku wanke ta da bilic.