Garin Burodi: Na Kwali Ko Na Gida, Wanne Ya Fi Dacewa?

Duk mai soya kaza ko kifi da aka tsoma cikin ƙwai aka barbaɗe da garin burodi ya san cewa wannan garin ne ke sa bayan naman ya yi ƙaras-ƙaras, haka kuma shi ne ke riƙe niƙaƙƙen nama idan an dunƙula shi. Kafin mai saye ya yanke shawara tsakanin na kwali da na gida, yana da kyau ya juya kwalin ya karanta jerin kayan haɗin da ke bayansa, domin ƙa'idar rubuta irin wannan jeri ita ce a fara da abin da ya fi nauyi a cikin haɗin, a ƙare da mafi ƙanƙanta.

A mafi yawan kwalaye fulawar alkama ce ke kan gaba, sannan sukari ko ruwan zaƙin masara, man girki, gishiri da yis. Daga nan sai sunayen da kan tsorata mutane su biyo baya. Wasu daga cikinsu ba abin tsoro ba ne ko kaɗan, domin niyasin, tayamin da ribofilabin bitamin ne na rukunin B da ake ƙara wa fulawa tare da sinadarin ƙarfe. Wanda ake yi wa lamba E282 yana hana burodi yin fumfuna, shi kuwa E471 yana tausasa kwaɓi ne, kuma ana iya samo shi daga man tsiro ko daga kitsen dabba, alhali kwalin ba kullum yake fayyace tushensa ba. Wanda wannan ya dama sai ya nemi kwalin da ya bayyana asalin sinadarin ƙarara. Haka nan iyalin da ke da mutumin da jikinsa ba ya karɓar madara, waken soya, ƙwai ko riɗi su duba da kyau, saboda waɗannan kan shiga garin burodi ba tare da an yi zato ba.

A ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne gishiri. Garin da aka riga aka zuba wa kayan ƙamshi, musamman wanda ake kira na salon Italiya, yakan ƙunshi sodiyam da ya haura miligiram 400 a rubu'in kofi, wato kusan ninki biyu na wanda ba a zuba wa komai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa babban mutum ya tsaya ƙasa da miligiram 2,000 na sodiyam a yini, kwatankwacin giram 5 na gishiri. Idan aka tuna cewa an riga an sa wa naman gishiri kafin a barbaɗa garin, za a ga yadda lissafin ke hauhawa ba a ankara ba, kuma mai hawan jini shi zai fi jin tasirinsa.

Akwai kuma panko, wanda asalinsa daga Japan ne. Ana yin sa da burodin da ba shi da ɓawo, yana fitowa tsaki-tsaki, ba ya shan mai sosai, kuma jerin kayan haɗinsa kan zama gajere. Samun irin wannan sakamakon a gida yana da wuya, don haka idan ƙarasƙaras ɗin ake nema fiye da komai, sayen panko ba asara ba ne.

Na gida ba shi da wahala. A yayyanka burodin da ya kwana biyu, a busar da shi a tanda mai zafin digiri 150 na tsawon minti goma zuwa goma sha biyar, a bari ya huce sarai, sannan a niƙa a blanda ko a daka a turmi, a tankaɗe idan ana son mai laushi. Sai dai akwai kuskuren da mutane da yawa ke yi, wato ɗaukar cewa duk abin da aka yi a gida ya tsira daga sinadarai. Garin ba ya wuce burodin da aka yi shi da shi: idan burodin na kamfani ne mai sukari da maganin fumfuna, to duk suna nan cikin garin, abin da aka rage kawai shi ne ƙarin gishiri da kayan ƙamshi. Kada kuma a yi amfani da burodin da ya fara fumfuna da sunan an yanke wurin da ya lalace, domin zaren fumfunar yana ratsa cikin burodi fiye da inda ido ke gani.

Wajen ajiya na kwali ya fi, saboda an busar da shi sosai, yana iya yin watanni a wuri mai sanyi marar danshi. Na gida kuwa, idan da sauran laima a jikinsa, kwanaki kaɗan zai lalace, shi ya sa ya fi kyau a zuba shi a mazubi mai murfi a sa a firiza. Gidan da burodi ke raguwa a kai a kai, ko wanda ake taka-tsantsan da gishiri, na gida ne ya fi masa. Wanda kuwa sai jefi-jefi yake buƙatarsa, ya sayi wanda ba a zuba wa kayan ƙamshi ba, mai gajeren jeri, ya zuba nasa yajin da gishirin gwargwadon buƙata.