Cibiyar Darasin Kemistiri a Tudun Wada: Inda Ta Yi Ƙoƙari da Inda Take Buƙatar Gyara

Yawancin ɗaliban ajin kimiyya a Zariya burinsu shi ne su shiga Jami'ar Ahmadu Bello su karanta likitanci ko haɗa magunguna ko injiniyanci, kuma babu ɗaya daga cikin waɗannan fannoni da ake ɗaukar ɗalibi idan ba shi da kiredit a Kemistiri. Wannan ne ya sa cibiyoyin darasin yamma suka yawaita tun daga Samaru har Sabon Gari. A ɗaya daga cikinsu, wadda take a Tudun Wada, na sa 'yata mai aji uku na babbar sakandare, kuma a kanta zan yi bayani. Ba zan kama sunanta ba, domin akwai suka a cikin abin da zan faɗa, kuma matsalolin da na gani ba nata ba ne ita kaɗai.

Abin da ya kai mu can shi ne gwajin hannu. Jarrabawar Kemistiri ta WAEC takardu uku ce, akwai ta zaɓin amsa mai tambayoyi 50, akwai ta rubutu, sannan akwai ta ɗakin gwaje-gwaje, wadda ake zaunar da ɗalibi gaban kwalabe a ce ya auna ya kuma gano da kansa. A makarantar da yarinyar take, ɗakin gwaje-gwajen yana nan, amma malami ne yake yin aikin a gaban aji, yara na leƙe ta kafaɗar juna, ta yadda ɗalibi zai iya kaiwa shekarar ƙarshe bai taɓa buɗe famfon buret, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni da ake ɗiga ruwan sinadari da shi, da hannunsa ba.

A wannan fanni cibiyar ta cancanci yabo na gaskiya. Ana raba ɗalibai bibbiyu, kowane rukuni da buret ɗinsa mai ɗaukar mililita 50 da fifet, wato siririn bututun gilashi na zuƙo ruwa a auna, mai ɗaukar mililita 25, kuma malamin ba ya yarda ɗaya ya yi aiki ɗaya ya tsaya kallo. Na tsaya na ga yadda suke taitireshan, wato ɗiga wani ruwan sinadari cikin wani a hankali domin a gano ƙarfinsa, da asid ɗin HCl da ruwan gishirin soda mai suna Na₂CO₃. Yarinya ta auna ruwan a kwalba mai siririn wuya, ta ɗiga metil orenji, wani rini mai canza launi idan ya haɗu da asid, sau biyu, ruwan ya zama rawaya, sannan ta riƙe famfon da hannun hagu tana juya kwalbar da dama, asid na sauka a kan farar takardar da aka shimfiɗa a ƙasa domin launi ya fito sosai. Da ta kusa kaiwa, Malam ya sa ta rage gudu zuwa ɗigo ɗaya-ɗaya, har rawayan ya juye ya koma ruwan lemo. Wata a gefenta ta yi garaje ruwanta ya wuce ya yi ja, kuma bai yi mata faɗa ba, sai dai ya sa ta wanke kwalbar ta sake daga farko. Yana nacewa a kan ƙananan abubuwan da suke cinye wa yara maki, wato a daidaita ido da ƙasan lanƙwasar ruwan kafin a karanta, a rubuta awo da lambobi biyu bayan ɗigo, a cike jadawali da biro, kuma a ɗauki matsakaici daga awon da suka yi kusa da juna kawai.

Haka kuma gwajin gano sinadaran da ke cikin gishiri yana tafiya da kyau. Ɗalibin da ya ga yadda sinadarin NaOH, wato sodar da ake yin sabulu da ita, yake fitar da shuɗin laka daga ruwan tagulla, da kore mai duhu ko ja mai kama da tsatsa daga ruwan ƙarfe gwargwadon irinsa, ba ya sake rikita su a takarda. Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da Malam ya zo da zoɓo a gora, ya raba shi kofi biyu, ya matsa lemon tsami a ɗaya jansa ya ƙara haske, ya zuba jiƙon kanwa a ɗayan ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Da wannan ya bayyana musu cewa aikin da metil orenji yake yi ke nan, kuma yarinyar ta dawo gida ta maimaita wa ƙannenta a kicin ba tare da ta duba littafi ba.

Sai dai batun kariyar lafiya ya tayar mini da hankali ƙwarai. Yara da baki suke zuƙo ruwan sinadari cikin fifet, alhali akwai 'yar robar da ake sayarwa domin wannan aiki, kuma kuɗinta bai kai na buret ɗaya ba. NaOH yana ƙona fata da baki, kuma idan ya faɗa ido yana iya makantarwa, amma ban ga tabarau na kariya ko ɗaya a ɗakin ba. Babu famfon ruwa a ciki, sai bokitai a bakin ƙofa, tagogin kuma ƙanana ne, don haka idan aka buɗe kwalbar amoniya sai warin ya cika ɗakin yara su yi ta tari. Na yi wa mai cibiyar magana, ya saurare ni da girmamawa, ya ce za a duba. Daga baya an kawo robobin zuƙa, amma ba su wadaci kowa ba, tabarau kuwa har yanzu shiru.

Ɓangaren darasin allo bai kai na gwaji ƙarfi ba. Wani malami daban ne yake ɗaukarsa, kuma ya fi dogara ga tambayoyin shekarun baya na WAEC da NECO da JAMB, yana karanto amsa yara na kwafa. Hakan yana taimakawa a tambayoyin zaɓi, amma ba ya gina fahimta. Na lura da haka a lissafin mol, wato ma'aunin yawan sinadari, wanda shi ne ginshiƙin duk lissafin taitireshan. Yarinyar ta haddace cewa mol ɗaya na NaOH giram 40 ne, amma da aka tambaye ta giram nawa za a narka a rubu'in lita domin a sami ƙarfin mol 0.1 a kowace lita, sai ta tsaya, alhali amsar giram 1 ce kacal. Malamin gwajin ne ya zauna da su ya warware wannan, a lokacin da ya kamata a ce suna kan wani aikin.

Kuɗin da ake biya a wata bai yi tsanani ba idan aka dubi tsadar sinadarai da yawan fashewar kayan gilashi, ko da yake duk wanda ya fasa buret shi zai biya, kuma ya kamata a faɗa wa iyaye haka tun ranar rajista. Ana tashi kafin magariba, abin da yake da muhimmanci ga 'yan mata masu komawa cikin Birni ko Gyallesu.

Ga iyayen da makarantar 'ya'yansu ba ta ba su damar taɓa kayan gwaji, ina ganin cibiyar ta dace, kuma gara a fara tun aji biyu maimakon a jira jarrabawa ta matso, lokacin da ɗakin yake cika har rukunin mutum biyu ya koma na huɗu. Wanda zai kai ɗansa ya saya masa tabarau na kariya da robar zuƙa nasa na kansa, ya kuma nemi a nuna masa ɗakin gwajin kafin ya biya kuɗi.