Garin Tsiron Alkama Ko Jar Ƙwaya: Me Za Ki Saya Don Ƙarin Jini?

Masu tallar garin tsiron alkama a Facebook suna cewa wai korensa jini ne zalla. Gaskiya ne sinadarin da ke sa ganye kore yana kama da na jan jini a ƙira, sai dai a tsakiyarsa magnesiyam ne, jini kuwa ƙarfe yake buƙata. An yi 'yan ƙananan gwaje-gwaje a Indiya kan masu talasemiya, wata cutar jini ta gado, sakamakon bai zo ɗaya ba, kuma ciwonsu daban ne da ƙarancin jinin mai ciki.

Ni dai jar ƙwayar nan da ake bayarwa a wajen awo nake saya. Ferrous sulphate sunanta, mai miligiram 200 tana ɗauke da ƙarfe miligiram 65 a ƙwaya guda, an rubuta a jikin kwalin, kin san abin da kika haɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta samu miligiram 30 zuwa 60 kullum tare da folik asid. Ga araha a kemis. Tana da halinta: bayan gida zai yi baƙi, wasu ya yi musu tauri. Ki sha da lemon zaƙi, ki nisanta ta da shayi, shi ne ke hana ta shiga jiki. Mai sikila kuwa kada ya taɓa sai likita ya ce.

Zogale ki ci a kwaɗo, abinci ne mai kyau. Hanta ta fi shi ƙarfe, amma mai ciki ta yi sassauci. Maltina da madara daɗin baki ne.

Inda na fi jin haushi shi ne jabu. An taɓa sayar mini da wata robar garin tsiron alkama mai tsada, na jiƙa cokali ɗaya, ruwan ya rine nan take har ya kama farce, ƙasan kofin kuma wani dusa-dusa. Kore gari dai kore gari ne a ido, kuka ma za a iya niƙawa a liƙa takardar Turanci. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki guji wanda aka ƙulla a leda, da wanda aka ce yana maganin sikila da suga da ciwon daji lokaci guda. In kina sha'awarsa, jiƙa alkama ki shuka a faranti, cikin kwana 7 zuwa 10 ki yanka.

Kafin duk wannan, je a auna miki jini, a duba maleriya da tsutsar ciki.