Takalmin gudu mai siririn ƙasa: gwiwata ta huta amma agara ta ɗau kaya

Jama'a masu fita gudu da safe, tunda abokan tirenin ɗina suka ganni da wannan takalmin suke ta tambayata wai su ma su saya ne ko kuwa, to ga abun da na gani a jikina bayan na kwashe watanni ina sa shi. Takalmi ne mai daɗi, ina son shi, har yanzu kusan kullum yana ƙafata, amma wallahi bazan ce wa kowa ya cire kambas ɗinsa mai soso ya zura wannan ya hau kwalta ya yi irin nisan da ya saba ba, don ƙafarsa ce zata biya.

Ga wanda bai taɓa gani ba, irin takalman nan ne da ake kira minimalis. Nawa a gwanjo na same shi a Ƙofar Wambai, kusan sabo, kuɗinsa bai kai na kambas mai kyau ba. Ƙasansa roba ce siririya da zaka iya nannaɗe takalmin gaba ɗaya ka sa a aljihun riga, babu soso a ciki, babu wannan tudun da ake yi a tsakiyar tafin ƙafa, gabansa kuma faffaɗa ne yatsu su baje yadda suke so. Babban bambancin a dunduniya yake. Kambas ɗin gudu da muka saba dunduniyarsa ta fi gabansa tudu da kamar milimita 10 zuwa 12, shi kuwa wannan a shafe yake, gaba da baya duk ɗaya. Zaka ji kamar ɗan ƙaramin abu ne, milimita goma ai ko faɗin yatsa bai kai ba, to amma duk labarin nan a kan wannan ɗan tudun yake.

Abun da ya kai ni gare shi gwiwa ce. Ta hagu ta daɗe tana damuna, musamman in na yi gudu mai ɗan nisa sannan na zo hawa bene ko durƙuso. Kuma tsakani da Allah a nan takalmin ya yi min rana. Da na fara gajerun gudu da shi sai na lura takuna ya canza ba tare da na yi niyya ba, na daina jefa ƙafa can gaba in dira da dunduniya, saboda in ka yi haka da shi zafin zai hau har kanka, dole jiki ya koma gajerun taku masu sauri kana sauka da tsakiyar ƙafa ko gabanta. Ƙarar takuna ma ta ragu sosai. Gwiwar ta yi sauƙi, ba wai ta warke tas ba amma wannan sukar da nake ji ƙarƙashin ƙoƙon gwiwa ta ragu har nakan manta da ita. Ga rashin nauyi, ga yatsu basa matsewa, farcen babban yatsana da kambas ya saba baƙantawa ya dawo daidai. A kan jar ƙasa mai laushi da sassafe gudu da shi akwai daɗi gaskiya, kana jin ƙasa a tafin ƙafarka.

To amma nauyin nan da ya bar gwiwa ba ɓacewa ya yi ba. Kamar ɗan dako ne ya sauke buhu daga kai ya mayar kafaɗa, buhun yana nan, wurin da ke ɗauka ne ya canza. In kana dira da gaban ƙafa kuma dunduniya ba ta da tudu, sharaɓa da agara su suke tare nauyin jikinka a kowane taku, kuma agarar tana miƙewa fiye da yadda ta saba. Ni a hankali na fara, tafiya kawai na yi da shi na wani lokaci kafin in soma ɗan gudu a ƙarshen tirenin, amma duk da haka sharaɓata ta ɗaure tamau, sauka daga bene sai da gefe. Wannan na tsoka ne, ya wuce. Wanda ya fi ɗaga min hankali shi ne na agara, da asuba in na sauko daga gado zan je alwala takun farko sai in ji bayan dunduniyar ya sage kamar ba zai lanƙwasu ba, sai na ɗan yi tafiya yake saki. Daga baya kuma wani ya ɓullo a saman ƙafa, wajen tushen yatsa na biyu, ba ciwo mai yawa ba, a zaman tahiya da sujada na fi jin shi inda yatsu suke lanƙwashewa. A nan na ajiye gudu gaba ɗaya har ya ɗauke, don wannan wurin ba tsoka bace, ƙashi ne.

Kuma abun da ya sa na tsorata da wuri, na ga abun da ya faru da wani abokin gudunmu. Shi ya fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba, yana gudu mai nisa, ya sayi irin takalmin nan ya ci gaba da nisansa kamar yadda ya saba saboda numfashinsa da cinyoyinsa sun ɗauka. Saman ƙafarsa ya fara ciwo, ya ɗauka targaɗe ne, aka ja masa aka shafa man zafi ya koma fili, har ƙafar ta kumbura taku ya gagara. Hoton ƙashi na farko bai nuna komai ba, likita ya ce masa irin wannan tsagewar sau da yawa bata fitowa a hoto sai bayan sati biyu ko uku, da aka sake kuwa sai ga ta a ƙashin yatsa na biyu. Kusan wata biyu bai yi gudu ba. Ba faɗuwa ya yi ba, ba wani ya taka shi ba, bugu ne kaɗan kaɗan a wuri ɗaya har ƙashin ya gaza. Huhu da tsoka suna sabawa da sabon aiki da wuri, ƙashi da jijiya kuwa watanni suke ɗauka, shi yasa mai ƙarfin gudu ma ya fi shiga hatsari, jikinsa zai iya kai shi nisan da ƙasusuwan ƙafarsa basu shirya ba.

Akwai maganar da nake yawan ji a wajen mutanenmu kuma ita ce ta sa ni rubutun nan, wai ai mu wannan gargaɗin ba namu bane na Turawa ne da aka haifa cikin takalmi, mu da muka tashi muna buga ƙwallo ba takalmi a layi, muna yawo da silifas, ga Fulani can suna bin shanu wuni guda da takalmin roba. Na yarda akwai ƙamshin gaskiya, ƙafar da ta tashi a sake ta fi faɗi da ƙarfi. Amma dan Allah ka tambayi kanka yaushe rabonka da wannan rayuwar. Yaron da ya buga ƙwallo ba takalmi nauyinsa nawa a lokacin, kai yanzu nawa? Shi a kan rairayi yake gudu, ya tsaya ya juya ya huta, kai kuwa kwalta zaka hau ka maimaita taku iri ɗaya sau dubbai ba tsayawa. Bafulatani tafiya yake ba gudu ba, kuma bai taɓa dainawa ba. Mu da yawanmu shekara goma sha ko ashirin muna cikin sawu ciki, daga mashin zuwa ofis ko shago, duk gudun da muka yi kuma cikin kambas mai soso muka yi shi, agarar ta riga ta saba da wannan tudun. Kaushin da ke dunduniyarka fata ce, bata ce komai a kan ƙashin da ke ciki ba.

Masu tallan takalmin suna son kawo Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi. Gaskiya ne ya ci. Amma a 1964 a Tokyo ya sake ci da takalmi a ƙafarsa, kuma ya fi sauri, awa 2 da minti 12 maimakon awa 2 da minti 15. Haka binciken Daniel Lieberman na jami'ar Harvard a 2010 da ya ƙara wa harkar nan farin jini, abun da ya nuna shi ne waɗanda suka saba gudu ba takalmi, har da ƴan Kenya, sun fi dira da gaban ƙafa kuma bugun farko da ke ratsa jiki ya fi sauƙi. Bai ƙirga waye ya ji ciwo waye bai ji ba. A 2013 ma wasu masu binciken suka duba mutanen Daasanach da ke arewacin Kenya wajen tafkin Turkana, su ma babu takalmi suke yawo, sai aka tarar mafi yawansu da dunduniya suke dira in suna gudu a hankali. Kenan ko a cikin marasa takalmin ba taku ɗaya ake yi ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na jami'ar Brigham Young a Amurka, shi ma 2013. Masu gudu 36 aka ɗauka, 19 suka koma wani siririn takalmi mai yatsu biyar na kamfanin Vibram a hankali cikin sati 10, sauran suka ci gaba da nasu. Da aka ɗau hoton MRI, wanda ke nuna har cikin ƙashi, sai aka ga 10 cikin 19 ɗin nan suna da kumburi a cikin ɓargon ƙashin ƙafa, biyu ma ƙashin ya riga ya tsage. A hankali fa suka bi, ba garaje suka yi ba. Shekara ɗaya bayan nan, a 2014, kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don a kashe ƙarar da masu saye suka kai shi a kan tallan cewa takalmin yana rage rauni yana ƙarfafa ƙafa, bai amsa laifi ba amma ya yarda ya daina faɗin hakan sai da hujja. Sannan a Ostireliya an bi maza masu gudu 61 na tsawon sati 26, sakamakon ya fito a 2017, aka ga hatsarin rauni da siririn takalmi yana ƙaruwa ga wanda nauyinsa ya haura kilo 71, ciwo kuma ya fi yawa ga masu wuce kilomita 35 a sati. Ni na haura wannan nauyin, kuma nasan da yawa cikin masu fitowa motsa jiki don rage tumbi sun haura, su ne kuma suka fi ɗokin saye.

Sai maganar hanyoyinmu, wadda babu mai tallan da zai gaya maka. A kan burji mai tsakuwa takalmin nan azaba ne, dutse ɗaya mai tsini in ya same ka a tsakiyar tafin ƙafa sai ka yi kwanaki kana jin wurin. Tsidau bai cika ratsa robar ba in tana da sauran kauri, amma ƙayar aduwa da ƙusa da fasasshiyar kwalba ban yarda da su ba, kullum idona na ƙasa, wanda hakan ke rage daɗin gudun in gari bai gama wayewa ba. Lokacin zafi kuwa, wajen Maris da Afrilu, in rana ta ɗaga kwalta tana ratso shi sosai. Da hunturu ƙura tana shiga ta ragar saman, in kana da faso sai ka haɗa da safa da man shafawa. Abu ɗaya da zan yaba, wanki ba wuya kuma nan da nan ya bushe, robar ƙasan ma bata cinye da wuri ba.

Yanzu yadda nake yi, shi nake sawa zuwa kasuwa da masallaci da duk wata tafiyar ƙafa, kuma a nan na fi ganin amfaninsa, tafin ƙafata ya yi ƙarfi, tsayuwa da ƙafa ɗaya ta fi min sauƙi. Gudu da shi kuwa gajere ne, a kan ƙasa ko ciyawar fili, kuma bana yi kwana biyu a jere. Gudu mai nisa a kwalta na koma kambas mai soso, sai dai na nemi wanda dunduniyarsa bata cika tudu ba kuma gabansa na da faɗi, gajeren takun da na koya kuma na tafi da shi can, gwiwar bata dawo da damuna kamar da ba. Ina kuma yin ɗage a bakin matakala, in hau da ƙafa biyu in sauke dunduniya a hankali, wannan ya taimaki agarar sosai.

Wanda zai gwada, ciwon sharaɓa na kwana biyu ba abun tsoro bane. Amma in ka danna wuri ɗaya a saman ƙafa da yatsa ka ji zafi a kan ƙashi, ko wurin ya ɗan tasa, ko ciwon yana ƙaruwa kana cikin gudu maimakon ya saki, ka tsaya ranar, kar a ja kar a murza, ka je a duba, mu nan Kano ga asibitin ƙashi na Dala. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa baya jin abu sosai, dan Allah kar ma ya fara, zai taka abu bai sani ba. Haka wanda ya taɓa tsagewar ƙashin ƙafa ko yake fama da agara yanzu. Wanda kuma yake gudunsa lafiya da kambas ɗinsa babu inda ke masa ciwo, ni banga dalilin da zai sa ya canza ba.

In a gwanjo zaka saya, ka lanƙwasa shi ka duba ƙasan da kyau wajen tushen yatsu, nan yake fara cinyewa kuma wani har ya kusa hudewa ba'a gani sai an ɗaga shi a rana. Ka gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, ka bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, don bayan wasu watanni yatsun zasu ƙara bajewa, ni yanzu tsohon sawu cikina na zuwa biki ma ya fara matse ni.