WPA2 ko WPA3: wanne ya dace da rautar gida?

Hajiya, kin ce datar gidanki tana ƙarewa tun wata bai raba ba, kin shiga saitin rauta, wato na'urar da ke raba wifi a gida, kin ga WPA2 da WPA3, kina son sanin wanda za ki zaɓa.

Dukansu hanyoyin tsaron wifi ne, da kalmar sirri ake shigarsu, dukansu kuma suna kulle bayanan da ke wucewa tsakanin wayarki da rauta. Inda suka rabu shi ne irin wahalar da suke ba ɓarawo. WPA2 tun 2004 yake. Duk sanda wayarki ta haɗu da rauta, sukan yi musayar saƙonni huɗu na tantancewa. Mai kwamfuta a bayan katanga yana iya kama wannan musayar, ya koma ɗakinsa ya bar kwamfutar tana ta cankar kalmomi miliyoyi, rautarki ba ta ma san ana yi ba. WPA3, wanda ya fito a 2018, ya toshe wannan ƙofa: kowane canke sai an gwada shi a kan rautar kanta, ɗaya bayan ɗaya. Ko da mutum ya samu kalmar daga baya, ba zai buɗe abin da ya naɗa a baya ba.

Don haka WPA3 ya fi. Matsalarsa ita ce tsohuwar waya ko talabijin ba lalle su gane shi ba. In haka ta faru, ki zaɓi gaurayen WPA2/WPA3, amma ki sani tsofaffin ta WPA2 za su shiga, raunin yana nan.

Shi ya sa na fi damuwa da kalmar kanta. Don Allah kar ki sa lambar wayarki ko sunan ɗa da shekarar haihuwarsa. Su ake fara gwadawa. Rauta tana karɓar haruffa 8 zuwa 63, ki haɗa kalmomi huɗu ko biyar marasa alaƙa da juna, ki cusa lamba a tsakani. In kin ga WEP, tsohon tsarin tsaron wifi, ki tsallake shi, tun 2001 aka gano yadda ake fasa shi. WPS ma, wato haɗa na'ura da rauta ta danna maɓalli ko sa lambar PIN ba tare da kalmar sirri ba, ki kashe.

Sai ki zauna da yaran gida. Wayoyin Android suna nuna lambar QR ta wifi, aboki ya ɗauka da kyamara ya shiga ba tare da ya fasa komai ba, kuma WPA3 ba ya hana wannan. Bayan kin canza kalmar, ki duba jerin na'urorin da ke kan rautar, ki ƙirga ko sun yi daidai da na gidanki.