Shagon Tsofaffin Takardu a Kurmi da Neman Wasiƙun Nana Asma'u

Na je wannan shago da ke layin masu littattafai a Kasuwar Kurmi ne domin neman kwafin rubuce-rubucen Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka haifa a Degel a 1793, ta rasu a Sakkwato a 1864. Wasiƙunta na cikin gida nake so, da kuma kundin da na ɗauka ta riƙa rubuta al'amuranta na yau da kullum a ciki.

Mai shagon, dattijo ne da ba ya gaggawar ciniki, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ai waɗannan bayin Allah a waƙe suke aika wa juna saƙo." Ya kwance wata gafaka, ya zaro kwafin baitocin da ta mayar wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a lokacin da abokan gaba suka matso, ya bi su da yatsa yana nuna mini yadda haruffan farkon baitoci suke haɗuwa su ba da ayar nan ta Alam Nashraha mai cewa lallai tare da tsanani akwai sauƙi. Daga nan ya fito da marsiyyar da ta yi wa Bello bayan rasuwarsa a Wurno a 1837, da ta mijinta Waziri Giɗaɗo, da ta aminiyarta A'isha, ya ce duk mai son sanin abin da ke zuciyarta, nan zai duba. Ban yi masa musu ba, domin a marsiyyar A'isha na ji muryar mace mai kewa, ba ta malama mai wa'azi kaɗai ba. Ya kuma tuna mini cewa ƙanwarta Maryam ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, kuma daga baya ta rubuto wa fadar Kano wasiƙa kan batun Mahadi.

Ta fuskar sani, shagon ya cancanci yabo, kuma farashinsa bai yi tsanani ba. Aibinsa yana wajen kwafin kansa. An yi ta ɗaukar hoton takarda daga hoton wata, har wasulla sun dusashe, kuma a shafuka da dama injin ya yanke gefe, ya tafi da kalmar da marubutan zamanin da suke sawa a ƙasan shafi domin a gane wanda ke biye. Tun da takardun ba ɗinkakku ba ne, sai da na kwana biyu ina jera su. Haka nan ba a rubuta daga hannun wa aka samo kowane kwafi ba, abin da ɗalibin jami'a ba zai iya yi babu shi ba.

Dattijon yana karanta Larabci da ajamin Hausa sarai, amma ya faɗa mini gaskiya cewa Fillancinsa bai kai ba, alhali da shi ta yi yawancin waƙoƙinta. Wanda zai je, ya tafi da mai jin Fillanci, kuma ya duba gefen kowane shafi kafin ya biya.