Kantunan 'yan Koriya a manyan biranen Teksas: rahoto ga 'yan uwa na gida

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, wasu daga cikin 'yan uwa masu harkar kasuwanci a Kano sun nemi in yi musu bayanin inda muke cefane a nan jihar Teksas ta Amurka, kuma na ga ya dace in taƙaita maganar a kan 'yan Koriya ta Kudu, domin a ganina babu baƙin da suka fi su tsara kasuwa a wannan jihar.

Zuwansu da yawa ya biyo bayan dokar shige da fice ta 1965, wadda ta buɗe wa mutanen Asiya ƙofar Amurka. A Dalas sun fara kafa shaguna a titunan Royal Lane da Harry Hines, inda a 2023 aka kafa allunan tituna da rubutun Koriya, sannan da suka samu wadata sai yawancin harkar ta koma Carrollton da ke arewacin birnin. A Houston unguwar Spring Branch ce cibiyarsu, musamman titin Long Point. Austin kuwa masana'antar Samsung, wadda aka kafa a can a 1996, ita ce ta jawo injiniyoyi da iyalansu.

Babban kantin da ya fi shahara shi ne H Mart, wanda aka fara buɗewa a New York a 1982, kuma yana da rassa a Houston da Carrollton da Austin. Abin da ya fara ɗaukar hankalina a ciki shi ne sashen kifi, inda ake ajiye wasu da ransu a cikin tankunan ruwa, mai saye ya nuna wanda yake so, a gyara masa shi, a yanka yadda ya buƙata. Ana samun tafarnuwa ɓararriya, da citta ɗanya, da dankali, da busassun ƙananan kifaye, da garin barkono wanda ya fi namu ja amma bai kai shi yaji ba. Shinkafarsu gajeriya ce mai danƙo, kuma matanmu a nan sun tabbatar da cewa tana yin tuwo mai kyau ba tare da wahalar tuƙi ba. Man riɗi kuwa ana sayar da shi a ƙananan kwalabe da tsada, kuma duk lokacin da na ɗauki kwalba sai na tuna manoman Jigawa da ke sayar da riɗinsu ɗanye a buhu, ribar matsewa da ƙunshewa ta tafi wata ƙasa.

Ba a ciniki, ba a gyara, ba a bashi. Farashin da ke jikin kaya shi za a biya, in ban da harajin saye da ake ƙarawa a wurin biya, wanda a Houston da Dalas ya kai kashi 8.25 cikin ɗari, ko da yake ɗanyen kayan abinci ba ya cikin lissafin. Ta wannan fanni kasuwannin gida sun fi rahama, domin a Kwari ko Singa mutunci yana sa a ba mutum kaya ya biya daga baya. Amma su ma suna da abin da ba mu da shi, wato sikeli na gaskiya, da rasit, da sanyin da ba ya yankewa, ta yadda kayan miya ba sa lalacewa a hannun mai sayarwa.

Abin da nake so 'yan kasuwarmu su lura da shi ya wuce kayan da ke kan kanta. A fili guda za ka tarar da kanti, da gidan burodi, da likitan haƙori, da akawun haraji, da reshen banki irin su Bank of Hope ko Hanmi, duk ana magana da harshen Koriya, har sabon zuwa ya iya buɗe asusu ya nemi rance tun kafin Turancinsa ya nuna. Da yawa daga cikin na farko sun tara jari ne ta hanyar adashi irin namu, wanda suke kira kye, sai dai su sun fi zuba kuɗin a shago, kuma dillalin da ke ba su kaya shi ma nasu ne. Da haka suka yi ƙarfi a sana'ar wanki da guga, da shagunan kayan gyaran gashi, waɗanda baƙaƙen fata ne manyan masu saye a cikinsu, ciki har da 'yan Nijeriya mazauna Houston.

Ga Musulmi akwai wurin taka-tsantsan. Naman alade yana da yawa a abincinsu, ana sa giyar shinkafa a wasu miyoyi, kuma naman shanun da ke kantunan ba yankan halal ba ne, don haka wajibi ne a karanta abin da aka rubuta a jikin kowane ƙunshi. Mu dai kifi da shinkafa da ganye muke saye a wurinsu, nama mu je mahautan halal, gero da daddawa da kuka kuwa sai shagunan 'yan Afirka da ke kudu maso yammacin Houston.